Garin Salem da Dajinsa: Wuri da Hukunci a Labarin Hawthorne

A cikin shekarar 1692 aka yi shari'ar maita a Salem, a ƙasar Masacusets, wadda a zamanin nan take ƙarƙashin Ingila. Aka rataye mutum 19, aka kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu. Babbar hujjar da kotu ta karɓa ita ce faɗar masu ƙara cewa kurwar wanda ake tuhuma ke zuwa tana azabta su, abin da ba mai gani sai su. Cikin alƙalan akwai John Hathorne, kakan kakan Nathaniel Hawthorne, marubucin da aka haifa a Salem a 1804.

A 1835 Hawthorne ya fitar da gajeren labarinsa, Young Goodman Brown, ya kuwa ajiye shi a wannan gari da wannan zamani. Wurare biyu ne ke ɗauke da labarin. Na farko gari, inda majami'a take, inda kowa ke nuna salihanci da rana. Na biyu daji, wanda Kiristocin Furitan suka ɗauka masaukin Shaiɗan ne. Da faɗuwar rana Brown ya bar matarsa Faith, watau Imani, ya nufi daji. Can ya tarad da malamarsa ta addini da limamin gari da dattawa a taron Shaiɗan, har da Martha Carrier, wadda aka rataye da gaske a 1692, har da matarsa.

Amma duhu da hayaƙi da hasken wuta mai rawa ba su bari ido ya tabbatar da kome ba. Marubucin kansa ya bar tambayar a buɗe, ko mafarki ne. Hujjar Brown ke nan, iri ɗaya da ta alƙalan Salem.

Da gari ya waye ya komo, ya iske kowa yana harkarsa yadda ya saba. Shi kuwa ya riga ya yanke musu hukunci, ba shaida, ba bincike. Ya ƙare rayuwarsa cikin zargi, yana ƙyamar matarsa da maƙwabtansa. Hukumar Masacusets ta wanke da yawa daga cikin waɗanda aka hukunta a 1711, ta biya iyalansu diyya. Brown bai taɓa janye nasa hukuncin ba har ya shiga kabari.