Gwajin Tayirod da Alaƙarsa da Samun Haihuwa

Tambaya: Likita ya umarci matar da ta daɗe ba ta samu ciki ba ta yi gwajin tayirod. Mene ne alaƙarsa da haihuwa?

Amsa: Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, ita ce idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Tana amfani da aidin na abinci ta samar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita saurin aikin jiki. Wani sinadari daga ƙasan ƙwaƙwalwa, TSH, shi ke umartarta, kuma shi likita ke fara aunawa a jini. Idan TSH ya hau, alama ce tayirod ta yi rauni. Idan ya faɗi sosai, aikinta ya yi yawa. A mafi yawan dakunan gwaji, daidai shi ne kimanin 0.4 zuwa 4.0, amma ga mai shan magani tana neman ciki, likitoci da yawa sun fi son ya kasance ƙasa da 2.5.

Raunin tayirod na rikita haila, ya hana sakin ƙwai, wani lokaci ya ɗaga firolaktin, sinadarin ruwan nono. Yana kuma ƙara haɗarin ɓari, domin a watanni ukun farko ɗan tayi ya dogara ne kacokan ga sinadarin uwarsa wajen ginuwar ƙwaƙwalwa. Kasala, jin sanyi da ƙiba ba dalili sukan zo tare, amma mace na iya ɗauke da cutar ba ta ji komai ba. Miji ma kada a bar shi baya, domin matsalar tana taɓa ingancin maniyyi.

Maganin raunin ƙwaya ce, lebotairoksin, ana sha da ruwa ciki ba komai, minti 30 zuwa 60 kafin abinci, a raba ta da maganin ƙarin jini da awa 4. Ana maimaita gwajin bayan mako 6 zuwa 8. Da zarar ciki ya shiga a sanar da likita, domin galibi sai an ƙara adadin. Daina shan ƙwayar don tsoron cutar da jariri kuskure ne babba.

Ɗiban ɗan jini domin gwaji ba ya karya azumi. A Ramadan mai shan ƙwayar tana iya sha kafin sahur, ta jinkirta cin abinci da rabin awa. Wallahu a'alam.