Yadda mai kiwon aku zai zaɓi likitan dabbobi a biranen kudu

A Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Ibadan, ba abin mamaki ba ne ka shiga gida ka ji an amsa maka sallama, ka waiwaya ka ga aku ne a keji. Mafi yawa irin mai launin toka ne da jan wutsiya, wanda asalinsa dazuzzukan kudancin Najeriya ne da Kamaru har zuwa Kwango. Tsuntsu ne mai tsawon rai, idan ya samu kulawa yakan kai shekara 40 zuwa 60, wato yana iya riskar jikokin wanda ya saye shi. Amma da yawa ba sa kai ko kusa da haka, kuma babban dalili shi ne ranar da ciwo ya zo, mai shi bai san inda zai nufa ba. Sai a garzaya shagon sayar da maganin kaji, a karɓo gari a leda, a zuba a ruwan sha, a ce Allah ya ba da lafiya.

Abin da ya kamata a fara sani: aku yana ɓoye ciwo. A daji, tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, don haka yakan daure har sai ƙarfinsa ya ƙare. Lokacin da ka gan shi ya kumbura gashi, ya sauko ƙasan keji, ya daina surutu, wutsiyarsa na motsi sama da ƙasa duk numfashi, to ciwon ya kwana biyu a jikinsa. A irin wannan hali awoyi ake lissafawa, ba kwanaki ba. Shi ya sa ake neman likita tun aku yana lafiya lau, ba ranar da ake cikin gosulo da tsuntsu a cinya ana tambayar mutane hanya ba.

Likitan gaske ne ko mai sayar da magani?

A Najeriya, likitan dabbobi shi ne wanda ya yi digirin DVM a jami'a, kuma Hukumar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa, wato VCN, ta yi masa rajista. Kana da damar tambayar lambar rajistarsa, kuma na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Yaron shagon magani ko malamin dabbobi mai yi wa awaki allura suna da nasu amfanin, amma ba su ne wurin kai aku ba.

Sai dai takarda kaɗai ba ta wadatar. Yawancin likitocin da ke Legas, Fatakwal ko Benin, aikinsu na kullum karnuka ne da kyanwoyi, ko kuma gonakin kaji. Likitan kaji garke yake dubawa: cikin kaji dubu biyar, idan goma suka mutu sai a fede ɗaya a gano cutar, a sa wa sauran magani a ruwa. Kai kuwa tsuntsu ɗaya gare ka, ba ka da na fedewa. Don haka ka tambaye shi kai tsaye: aku nawa ya duba a wannan shekarar, me ke damunsu, yaya suka ƙare? Wanda ya ce maka "ban cika ganinsu ba, amma na san wanda zan tura ka wurinsa" ya fi wanda ya ce "ai tsuntsu duk tsuntsu ne" sau goma. Idan ba ka san ta inda za ka fara ba, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi suna nan: na Jami'ar Ibadan, na Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, na Nsukka, da na Umudike kusa da Umuahia. Gidajen zu ma suna da likitocin da suka saba da tsuntsayen daji, ana iya tambayarsu shawarar wanda za a je wa.

Abin da za ka lura da shi a zuwan farko

Ka kai shi duba lafiya tun ba ya ciwo, ka zuba ido. Abu na farko, sikeli. Aku mai jan wutsiya nauyinsa tsakanin giram 400 ne zuwa 500 ko ɗan sama da haka, tsirya kuwa ba ta kai rabin wannan ba. Maganin tsuntsu da giram ake auna shi, saboda haka asibitin da ba shi da ƙaramin sikeli, sai na ɗora kare, to kintace za a yi maka. Kuma raguwar giram 30 ko 40 da idonka ba zai gani ba saboda gashi, ita ce sau da yawa alamar farko ta ciwo.

Na biyu, riƙo. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Ƙirjinsa ne ke buɗewa yana tura iska cikin wasu jakunkunan iska da ke haɗe da huhu, idan aka matse ƙirjin, ya shaƙe ke nan ko da bakinsa a buɗe yake. Wanda ya iya aiki zai fara tsayawa ya kalli tsuntsun a cikin kejinsa, ya dubi kashin da ke ƙasa, sannan ya rufe ƙofa da taga, ya kashe fanka, ya lulluɓe shi da tawul, ya tallafi kai da wuya, ya bar ƙirji a sake. Cikin mintuna kaɗan ya gama. Idan ka ga an sa safar hannu mai kauri ana kokawa da shi kamar za a yanka zakara, ka karɓi abinka ka yi sallama.

Na uku, tambayoyinsa. Nan ne, a ganina, ake bambance gwani. Likitan da ya san aku zai daɗe a kan abinci, domin rabin ciwon aku na gida daga kwanon abinci yake fitowa. Mutanenmu gyaɗa da masara suke ba shi safe da yamma, shekara da shekaru. Wannan na jawo ƙarancin bitamin A, mai lalata hanci da maƙogwaro, da ƙarancin kalsiyam, wanda wannan nau'in aku ya yi ƙaurin suna a kansa: sai ka ga ya faɗo daga kan sanda yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, a ce iska ce ko sammu. Ga kuma gyaɗar da ta yi fumfuna saboda danshin kudu, wadda ke iya sa masa cutar huhu mai wuyar magani. Likita nagari zai yi maka maganar ganye, karas, gwanda, da 'ya'yan kwakwar manja, waɗanda dama su ne abincinsa a daji kuma ga su nan a kowace kasuwa a kudu. Zai gargaɗe ka kan piyar da ake kira abokado da cakulan da kofi, duk guba ne gare shi. Zai tambayi inda kejin yake: kusa da janareta? Ana kunna maganin sauro ko fesa shi a ɗakin? Uwargida na sa turaren wuta? Hayaƙin da mutum zai ɗan yi tari ya wuce, yana iya kashe aku a dare ɗaya. Haka tururin kaskon suya na zamani wanda abinci ba ya kamawa, idan ya yi zafi fiye da kima.

Na huɗu, gwaji da magani. Ka tambaya ko suna duba kashi a madubin likita, da inda suke aika jini. Jinin da za a iya ɗiba lafiya bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin tsuntsun ba, wato kamar mililita 4 ga mai giram 400, kuma ana rage hakan idan ba shi da lafiya. Wanda ya saba zai faɗa maka wannan ba tare da ya buɗe littafi ba. Idan aiki ya kama a sa shi barci, iskar da ake shaƙawa ta fi allura aminci ga tsuntsu. Maganin da ake zubawa a ruwan sha kuwa, aku ba ya shan ruwa da yawa, da ya ji ɗaci ma sai ya ƙaurace wa kwanon, ga ciwo ga ƙishirwa. Likita ya kamata ya nuna maka yadda ake ba shi a baki da sirinji, ya rubuta sunan maganin da adadinsa.

Lafiyar mutanen gida ma tana ciki. Akwai cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda mutum ke ɗauka ta shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu. Tana zuwa da zazzaɓi, ciwon kai da tari, a nan kuwa sai a ɗauka maleriya ce ko taifod. Tana jin magani, amma a jikin tsuntsu sai an yi kusan kwana 45 ana ba shi. Idan wani a gida ya kwanta da zazzaɓi da tari bayan an kawo sabon aku, a gaya wa likitan asibiti cewa akwai tsuntsu a gidan. Masu ajiye kaji ko tantabaru a tsakar gida su ma su faɗa wa likitan dabbobin, domin cutar Niyukasil da murar tsuntsaye ba su tsaya kan kaji kaɗai ba.

Kada ka ɓoye masa inda ka samo tsuntsun. Tun taron Johannesburg na 2016, yarjejeniyar CITES ta sa aku mai jan wutsiya a rukunin farko, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda yake ƙarewa. Wanda aka saya a kasuwa ko a bakin titi galibi kamun daji ne, ya sha wahalar hanya, an cusa shi da wasu a kwando, kuma likita na bukatar sanin haka don ya san abin da zai nema. Mai niyyar tsallaka iyaka da shi, ko Kwatano ce ko Maraɗi, ya nemi bayanin takardun izini tun da wuri.

Saura maganar nisa da kuɗi. Ka tambayi kuɗin dubawa da na gwaji tun kafin a fara, ka tambaya ko ana samunsa da dare da ranar Lahadi, ko yana zuwa gida. A gari irin Legas, gwani yana iya kasancewa a Lekki kai kana Agege, don haka ya fi a riƙe lamba biyu: ta gwanin, da ta wani na kusa wanda ya yarda ya kira shi a waya idan abu ya taso. Ranar tafiya, a sa tsuntsun a ƙaramin keji ko kwali mai huji, a rufe da zane mara nauyi, kada a bar shi a rana ko a saitin iskar na'urar sanyaya mota. Kada a wanke ƙasan kejin a ranar, a tafi da takardar da kashin ya zuba a kai, da samfurin abincinsa, da duk wani magani da aka riga aka ba shi, ko da na kemis ne da kake jin kunyar nunawa.