Jinyar Doki A Ƙasar Gombe, Jiya Da Yau

A cikin garin Gombe akwai unguwar Dawaki, akwai kuma ta Shamaki. Shamaki kuwa a masarautun Arewa shi ne mai kula da bargar sarki. Sunayen nan biyu sun isa su nuna mana matsayin doki a wannan ƙasa.

Tun da Modibbo Buba Yero ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa Gombe Abba, doki ne ƙarfin yaƙi. Ga shi da tsada, ga ƙudan tsando na kurmin bakin koguna yana kashe shi. Don haka idan kibiya ta tsallake lifidi ta same shi, ba a yasar da shi, jinyarsa ake yi.

Mahaifina, wanda fatauci ya kawo Gombe, ya gaya mini yadda ya ji daga tsofaffi. Za a wanke mikin da ruwan ɗumi, a shafa man shanu ko na kaɗanya. In kumburi ya tara ruwa, a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi. Sai a ɗaure shi a turke cikin inuwa, ana ba shi harawa da dusa da kanwa. In ya fara taka ƙafar, yaro ya riƙa jan sa da igiya safe da yamma, ba sirdi ba linzami, har ɗingishin ya tafi.

A yaƙin Burmi na 1903 bindigar Turawa ta kawo ƙarshen zamanin doki a fagen fama. Da sarauta ta dawo Gombe Doma a 1919, aikinsa ya koma rangadi da hawan Sallah. A 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, sannu a hankali likitocin dabbobi suka yawaita. Yau ana ɗinke rauni, ana yin allurar tetanus, cutar da ke saurin kama doki.

Amma fa allura ba ta rage kwanakin jinya ba. Jijiyar ƙafa in ta ɓaci takan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda kafin ta warke. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke ɗaura wa doki sirdi saboda Sallah ko biki ya zo, alhali yana ɗingishi. Sukuwa ɗaya sai ta mayar da ciwon sabo, wani ma ya gurgunce ke nan. Magabatanmu da yaƙi ke jiran su sun yi haƙuri, balle mu da kilisa kawai muke yi.

Allah Ya sa mu gane, amin.