Garin Nan Ba Jiya Aka Kafa Shi Ba



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da na ji a bakin wani yaronmu a rumfata. Wai Potiskum daji ce, sai da Hausawa suka kawo ciniki sannan ta zama gari. Na ce masa, "Kai yaro, kul ka sake faɗin haka a gaban dattawan garin nan." Da na koma gida sai na ga laifin namu ne mu iyaye, don ba mu gaya wa 'ya'yanmu tarihin inda muke neman abinci ba. To ga ɗan abin da na tsinta a zama da manya.

Unguwar Bolewa da da yawanmu ke zaune a cikinta, sunan ƙabila ta ɗauka. Bolewa a tarihinsu na baka suna cewa daga gabas kakanninsu suka fito, har akan ambaci ƙasar Yaman. Sun daɗe a kan dutsen Daniski, can wajen Fika, inda har yau kufansu yake. Wajen shekarar 1805, lokacin da jihadin Shehu Usmanu ke tashe a ƙasar Hausa, suka sauko suka zauna a Fika. Sarkinsu Moi ake kiransa. A 1924, zamanin Turawa, aka dawo da hedkwatar masarautar Fika nan Potiskum, gari a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano da Bauchi ta nufi Maiduguri.

Amma fa ba fili suka tarar ba. Ngizimawa da Karekare suna ƙasar nan tun kafin haka, da gonakinsu da harsunansu da shugabanninsu. Shi ya sa yau ake da sarauta biyu a gari ɗaya, Fika da Pataskum. Wane ne gaba, wane ne baya, wannan ba hurumin baƙo ba ne. Namu shi ne mu girmama kowa, tunda da ɗan gari akan ci gari.

Akwai ma abin da ya girmi duk wannan. A 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Bai faskara shi ya hura wuta ba, labari ya kai ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta ƙasar Jamus suka tono shi daga zurfin kamar mita 5. Ashe kwalekwale ne, tsawonsa ya haura mita 8. Da aka auna shekarunsa sai aka ga sun kai wajen 8,000. Ba a taɓa samun jirgin ruwan da ya girme shi a duk Afirka ba. Daga baya aka kai shi Damaturu, babban birnin Jihar Yobe da aka ƙirƙiro a 1991. Jama'a ku duba, wurin da yau sai an haƙa rijiya ake shan ruwa, a da jirgi ake tuƙawa. Ikon Allah ke nan.

Ga inda maganar ta shafe mu 'yan kasuwa. Ni kaina an taɓa kawo mini tsohuwar tukunya da duwatsun wuya, wai a wani kufai aka tono su, in saya in kai Kano. Na ƙi. Wanda ya sayar da irin wannan, tarihin mutane ya sayar, kuma kuɗin ba ya kai mako. Duk wanda aka kawo wa, ya sanar da mai unguwa ko fada.

Kakanninmu fatauci ya kawo su, aka ba su masauki, aka ba su aure, muka samu rufin asiri a kasuwar shanu da ta hatsi. Amana ce a wuyanmu, kuma Musulmi ba ya cin amanar mai masaukinsa. Ku zaunar da yaranku ku gaya musu.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da su, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.

Wassalam.