Kalmar "Noise": Awon Sauti ko Hukuncin Mai Sauraro?

Yawancin ɗalibanmu a aji suka fara cin karo da kalmar Ingilishi "noise", inda monita ke rubuta sunayen masu surutu. Yaron da ya yi wa na kusa da shi raɗa yakan shiga takardar, malamin da ke ta ɗaga murya kuwa ba ya shiga. Ashe ma'anar da aka saba ba ta, wato sauti mai ƙarfi, ba ta wadatar ba. Abin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, aikin kalmar yanke hukunci a kan sautin da ba a so.

Tarihinta ma haka ya nuna. Ingilishi ya aro ta daga tsohon Faransanci a ƙarni na 13, inda take nufin rigima da hayaniya. Masana da dama suna danganta asalinta da "nausea" ta Latin, tashin zuciyar da ke kama matafiyi a jirgin ruwa. Tun daga tushe ke nan halin mai ji take bayyanawa.

A 1948 Claude Shannon, masanin lissafi a Amurka, ya yi amfani da ita a nazarin sadarwa da ma'anar duk abin da ya gurɓata saƙo tsakanin mai aikawa da mai karɓa. A wannan fage kalmar ta rabu da kunne ɗungurungum. Ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoton da aka ɗauka cikin duhu "noise" ne, alhali ba ya ko ƙis. Masani Daniel Kahneman da abokansa biyu sun ƙara nisa a littafinsu na 2021, inda suka kira saɓanin hukuncin alƙalai a kan shari'u iri ɗaya da wannan suna.

Wani zai ce ai akwai awo, tunda sautin da ya kai desibel 85 yana iya lahanta ji idan aka daɗe a cikinsa. Haka ne, sai dai na'urar awon ƙarfi kawai take aunawa. Kiɗan biki da rugugin janareta suna iya tashi adadi ɗaya, amma uwar biki ba za ta yarda a haɗa su suna ɗaya ba.

Hausa ta rarraba abin da Ingilishi ya cusa a kalma guda: ƙara, amo, surutu, hayaniya, kwaramniya. Don haka kada mai fassara ya yi saurin rubuta "ƙara". Ya fara tambayar wane ne abin ya dama, kuma me ya hana shi ji ko gani.