Mudun Auna Mazauna Hanji

Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, noman rani ya kankama. A magudanan nan ake wanka da wanki, yara na ninƙaya, saboda haka duk abin da ya fita daga cikin mutum ɗaya yana iya komawa cikin wani. Mai son sanin lafiyar irin wannan yanki dole ya duba abin da kowa ke ƙyama, wato bahaya.

Shekaru da yawa madubin likita ne abin dogaro. Yana nuna ƙwayayen tsutsa sarai, amma bakteriyar hanji ta fi ƙarfinsa, kuma da yawanta ba ta tsira a faifan gwaji, domin iska ke kashe ta. Mafita ta ɓullo daga Amurka. A 1977 Carl Woese ya nuna ana iya tantance dangin bakteriya ta wani yanki na ƙwayoyin gadonta, sannan a 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR, dabarar ninka ɗan guntun DNA har ya isa a auna.

Sai dai sabon mudu ya zo da tsohuwar matsalar kasuwa: wa ya tabbatar mudun daidai yake? Wasu ƙwayoyin ɓawonsu kauri gare shi, in ba a farfasa su da ƙananan duwatsun gilashi ba DNA ɗinsu ba ya fita, sai lissafi ya nuna kamar babu su. Samfurin da ya yini cikin zafin bazara kuma, wasu mazaunansa sun hayayyafa a hanya. A 2017 masana suka gwada hanyoyi 21 na tatsar DNA a kan samfuri iri ɗaya, sakamako ya sassaɓa. Shi ya sa ake fara gwada kowace hanya da haɗin ƙwayoyin da aka riga aka san adadinsu. In ta kasa faɗar abin da aka sani, ba a yarda da ita kan abin da ba a sani ba.

Kano ta san wannan horo tun a yaƙin shan inna, ko da yake ita bairas ke kawo ta. Yaron da ƙafarsa ta saki, samfuri biyu ake ɗauka cikin kwana 14, da tazarar aƙalla awa 24, a sa a ƙanƙara zuwa Ibadan ko Maiduguri. Su ma ɗakunan gwajin ba su tsira ba: kowace shekara Hukumar Lafiya ta Duniya na aika musu samfuran jarrabawa, ba tare da gaya musu abin da ke ciki ba. Da wannan awon aka tabbatar cewa yaron Sumaila da ya kamu a Yulin 2014 shi ne na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a jihar.