Fistin da ke ba mai nutso numfashi

Masu haƙar yashi a kogin Wouri na Duwala har yau da numfashinsu kaɗai suke nutso: mutum ya riƙe bokiti ya nutse, ya ciko, ya taso ya juye a kwalekwale. Wanda zai daɗe a ƙasa, kamar mai duba cikin jirgi a tashar ruwa, shi sai ya goya tukunyar iska. Iskar cikinta a matse take, ta kai awon bar 200, wadda in ta fito kai tsaye sai ta yaga huhu. Abin da ke rage mata ƙarfi shi ne regileta, ɗan'uwan wanda ake ɗaura wa tukunyar gas ta girki.

Dangantakar kuwa ta asali ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu man fetur ya yi wuya a Faransa, sai injiniya Émile Gagnan na kamfanin Air Liquide ya ƙera regileta don motoci su yi tafiya da gas. Shi Jacques Cousteau ya nema, suka juya ta zuwa kayan nutso. Gwajin farko a kogin Marne a 1943 bai yi daɗi ba, domin iska kan kwarara ko ta ƙi zuwa gwargwadon yadda mutum ya juya jikinsa, sai da suka sauya wa mafitar iskar wuri. Wannan ita ce Aqua-Lung mai tiyo biyu. A farkon shekarun 1950 Ted Eldred a Ostareliya ya fito da mai tiyo ɗaya, aikin ya rabu biyu: kan da ke bakin tukunya ya sauko da matsin zuwa wajen bar 10, na bakin mutum ya ƙarasa.

A kan tukunyar ne fistin ya samu gurbi. Kamfanin Scubapro, wanda aka kafa a Amurka a 1963, ya yi suna da Mk2 da Mk5. A Mk2 abu ɗaya tak ke motsi: fistin, sifirin na tura shi, iska na mayar da shi ya toshe ƙofa. Duk makanikin New Bell da ya taɓa kwance inji zai gane shi da kallo ɗaya. A ganina wannan ƙarancin kaya ne ya sa shagunan haya suke ƙaunarta, har ake samun wadda ta shekara talatin tana aiki.

Jikin ƙarfen dai ba ya gajiya da wuri. Masu mutuwa su ne zoben roba da ɗan mazaunin da bakin fistin ke dannawa. Yau da gobe mazaunin ya yi gurbi, iska ta riƙa silalowa, na baki ya kama huci shi kaɗai. Shi ya sa ake kwance ta duk shekara ɗaya ko biyu a sauya su, a shafa giris na silikon ko wanda kamfanin ya ce, ban da na mota, mai cin roba.

Rauninta ɗaya ya fi shafar Duwala. Dole ruwa ya shiga ɗakin sifirin don regileta ta san zurfin da ake, ruwan bakin Wouri kuwa laka ne da gishiri. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce bangon da fistin ke gogawa. Don haka masu aiki a ruwa mai dauɗa sukan zaɓi mai faifan roba da aka rufe ruf. Mai fistin kuma sai ya toshe mashigar iska da murfinta, ya jiƙa ta a ruwan daɗi bayan kowane nutso, ya shanya a inuwa.